Baƙin Ciko ko Fari: Wanne Zan Sa a Haƙorina?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Ta ce shekara 14 ke nan da aka yi mata baƙin ciko a turmin haƙorinta na ƙasa, bai taɓa damunta ba, sai kwanan nan ta ga wani bidiyo a WhatsApp ana cewa guba ne, yana hawa ƙwaƙwalwa, duk mai shi ya je a cire. Ga kuma sabon kogo a wani turmin na sama, likita ya ce ta zaɓa tsakanin baƙi da fari, amma farin ya fi tsada. Tana shayarwa, sannan ɗanta mai shekara biyar shi ma haƙoransa sun fara rami. Tana so ta san ko ta cire tsohon, wanne za ta sa a sabon, da abin da ya dace da yaron.

Malama, bari in fara da wanda ya hana ki barci. Cikon da ya shekara 14 a baki, bai tsage ba, gefensa bai buɗe ba, abinci ba ya maƙalewa, ba kya jin tsami in kin sha ruwan sanyi, ki bar shi inda yake. A duba shi, in da hali a ɗauki hoton haƙorin don a tabbatar ba ruɓa a ƙarƙashinsa, shi ke nan. Duk lokacin da aka cire ciko, sai injin ya ci wani abu daga lafiyayyen haƙori, ramin ya ƙara faɗi, ya ƙara matsawa kusa da jijiya. Haƙori kuwa ba fata ba ne, abin da aka kankare ya tafi ke nan. Kuma abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne, lokacin da aka fi samun tururin zaiba daga wannan cikon shi ne ranar sa shi da ranar haƙe shi. Ke da kike shayarwa, wannan ne lokacin da bai kamata a taɓa shi ba sai da dalili mai ƙarfi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda a shekarar 2020 ta ba da shawarar a guji sa wa wasu rukunin mutane sabon baƙin ciko, a cikin sanarwar nan ɗaya ta ce ba ta goyon bayan a cire tsohon da yake lafiya lau.

Amma ba zan ce miki babu zaiba a ciki ba, domin akwai. Sunan abin amalgam. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, wato ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin ma'aunin zafin jiki na da, wanda masu haƙar zinare ke kira makuri. Sauran rabin garin azurfa ne da kuza da jan ƙarfe. Idan aka kaɗa su tare sai su zama kamar laka mai taushi, a danna a rami, cikin 'yan mintuna ya fara daskarewa, ya kai cikakken ƙarfinsa bayan kamar kwana guda. Babu dalma a ciki. Na faɗi haka ne saboda 'yan'uwanmu na Nijar sun saba jin likita ya ce plombage, kalmar da ta samo asali daga sunan dalma a Faransanci, tun zamanin da ake cusa dalma a kogon haƙori. Sunan ne ya rage, dalmar ta daɗe da barin aikin.

Zaibar da ta haɗu da azurfa da kuza ta ɗaure, ba ta yawo kamar wadda ta zube daga fasasshen ma'auni. Tana fitar da ɗan tururi kaɗan, musamman wajen tauna ko ga mai cizon haƙora cikin barci, wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce ko ɗan abin nan yana cutarwa. An yi manyan gwaje-gwaje biyu a kan yara, ɗaya a yankin New England na Amurka, ɗaya a Lisbon ta ƙasar Fotugal, kowanne da yara sama da 500. Aka raba su gida biyu, wasu aka yi musu baƙin ciko, wasu fari, aka bi na Amurka shekara biyar, na Lisbon shekara bakwai. Da aka fitar da sakamako a 2006, an ga zaibar da ke fitsarin masu baƙin ciko ta ɗan fi yawa, amma ba a ga bambanci a basirarsu ko riƙon karatunsu ba. Wani abu kuma da ya fito daga gwajin, wanda masu tallan farin ciko ba sa son a ambata: a haƙoran tauna, farin ya fi saurin lalacewa ya buƙaci a sake.

To me ya sa duniya ke barin amalgam? Babban dalilin muhalli ne. Ragowar da ake wankewa daga asibitoci tana bin magudanar ruwa, can a rafi da teku ƙwayoyin halitta su juya ta zuwa wani nau'in zaiba mai tsananin guba da ke taruwa a jikin kifi. Irin wannan nau'in ne ya yi ɓarna a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dattinta a teku. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar rage amfani da zaiba da aka ƙulla a 2013, ta fara aiki a 2017, kuma Najeriya da Nijar da Ghana duk suna ciki. Norway ta hana amalgam tun 2008, Sweden ta biyo baya a 2009, Tarayyar Turai kuma ta hana gaba ɗaya daga farkon 2025, sai inda likita ya ga larura. A 2022 aka ƙara wa yarjejeniyar sharaɗin a guji sa shi a haƙoran nono, da yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu juna biyu, da masu shayarwa. Wannan taka-tsantsan ne, kuma ina ganin ya dace.

Kin ga ke nan amsar sabon kogonki ta fito: tunda kina shayarwa, kada a sa baƙi. Haka zan ce wa mai ciwon ƙoda, ko mai wata cutar jijiyoyi, ko wanda jikinsa ba ya shiri da ɗaya daga ƙarafan da ke ciki. Wanda ba ya cikin waɗannan, in likita ya ga amalgam ne ya fi dacewa da ramin, to ya tabbatar irin na cikin ƙwanso ne, wanda kamfani ya auna ya rufe, inji ya girgiza shi. A dama zaiba da hannu a ɗan turmi kamar yadda ake yi a da, wannan ya kamata a ce ya zama tarihi.

Yanzu farin. Sunansa kwamfozit, kuma a nan nake so ki ɗan ba ni hankalinki, domin mutane na ɗauka da zarar sun biya kuɗin fari sun sayi mai kyau. Kwamfozit wani irin roba ne mai danƙo da aka cika da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Wani likita Ba'amurke, Rafael Bowen, shi ya haɗa robar a farkon shekarun 1960, kafin nan kuma a 1955 Michael Buonocore ya gano cewa in aka shafa wa ɓawon haƙori ruwan asid na ɗan lokaci, yakan yi ƙananan ƙofofi da roba za ta shiga ta kama. A kan waɗannan biyun duk aikin ya tsaya har yau.

Bambancinsa da amalgam a nan yake. Amalgam ba ya manne wa haƙori. Zama yake yi a rami don an fafe ramin cikinsa ya fi bakinsa faɗi, kamar tulu, ta yadda in ya daskare ba hanyar fita. Saboda haka wani lokaci sai an ci lafiyayyen wuri don a samar masa mazauni. Kwamfozit kuwa mannewa yake yi, don haka ruɓar kaɗai za a cire. Wannan babbar fa'ida ce, ta fi ma launin muhimmanci a wurina. Sai dai mannewar tana da sharaɗi guda mai tsauri: wurin ya bushe ƙarau.

Ga yadda aikin yake in an yi shi daidai. Bayan an share ruɓa, za a killace haƙorin, ko da shimfiɗar roba mai huda da haƙorin kaɗai zai leƙo ta ciki, ko da auduga da bututun zuƙe miyau. A shafa wani shuɗin ruwa mai kauri, asid ne, ya yi daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar. Ɓawon haƙorin zai koma fari fat kamar alli. A shafa gam, a hura masa iska, a haska masa shuɗiyar fitila. Sannan a riƙa sa kwamfozit ɗin kaɗan-kaɗan, kowane sawu bai wuce kaurin milimita biyu ba, ana haska fitila kamar daƙiƙa 20 kafin a ɗora na gaba. Dalili biyu ne. Hasken ba ya ratsa abu mai kauri, in aka cusa dunƙule guda sama zai daskare ƙasa na nan da ɗanye. Na biyu, kwamfozit yana ɗan tsukewa in yana daskarewa, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na girmansa, in aka sa da yawa lokaci guda sai ya janye daga bango ya bar ɗan tsagi da ido ba ya gani amma ƙwayoyin cuta sun san hanyarsa. Akwai sabbin nau'o'i da aka yi don a zuba da kauri har milimita huɗu, amma su ma da ƙa'idarsu.

Digon miyau ɗaya, ko ɗan jini daga dasashi, a tsakanin asid da gam, ya isa ya ɓata aikin duka, kuma ranar ba wanda zai sani. Cikon zai fito fes, mai shi ya duba madubi ya yi murna. Bayan wata takwas ko shekara sai a ga baƙin zare ya kewaye gefensa. Na sha karɓar irin wannan. Akwai wani magidanci da ya zo mini da farin ciko huɗu da aka yi masa a wani wuri, duk a zama ɗaya da bai kai awa guda ba, bayan an cire masa baƙaƙen da suka fi shekara goma ba su ce masa komai ba. Uku daga ciki da ɗan tsinken aiki na ɗaga su suka fito, ƙarƙashinsu ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen biredi. Ɗaya sai da aka kashe jijiya. Ba kayan ne marasa kyau ba, gaggawa ce da rashin busar da wuri.

Shi ya sa nake cewa kafin ki tambayi wane ciko, ki dubi wurin da za a yi miki. Akwai mai taimaka wa likita yana zuƙe miyau? In an ɗauke wuta akwai abin da zai riƙe injin da fitilar har a gama? Likitan ya ware miki lokaci, ko layi ne a waje har bakin ƙofa? Amalgam yana da haƙuri, ko an ɗan samu danshi yakan yafe, har ma tsatsar da yake yi a hankali takan toshe ɗan tsagin gefensa. Kwamfozit ba ya yafiya. Turmin sama da kike magana a kai yana da sauƙi ta wani ɓangaren, domin miyau a ƙasa yake taruwa, sai dai in ramin yana can ta gefen kunci inda wata hanyar miyau ke buɗewa, ko ya gangara ƙarƙashin dasashi.

Ki kuma san cewa fari ba ya dawwama fari. Mai cin goro, mai yawan baƙin shayi, mai shan taba, gefen cikonsa zai rine kafin na kowa. Sau da yawa gogewa kawai yake buƙata, ba canji ba.

Akwai na uku da ba a ambata miki ba, kuma shi ne na ɗanki. Muna kiransa gilas ayonoma, ki ce simintin gilashi. Wasu masana biyu a Landan, Wilson da Kent, suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa, yana kama haƙori da kansa ba sai da gam ba, ba ya buƙatar fitila, yana jure ɗan danshi, sannan yana sakin sinadarin fuloraid a hankali wanda ke ƙarfafa haƙorin da ke kewaye da shi. Rauninsa shi ne ba shi da ƙarfin ɗaukar tauna mai nauyi a babban rami, yana goguwa, kuma launinsa fari ne mara sheƙi. A haƙoran nono da za su faɗi nan da 'yan shekaru, wannan raunin ba wani abin damuwa ba ne. Da shi ake yin wata hanya da wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, inda babu wuta babu inji: a kwashe ruɓar da ɗan cokalin hannu, a danna simintin da yatsa mai safar roba da aka shafa wa man basilin. Babu ƙarar inji, sau da yawa babu allura. Yaro mai shekara biyar da zai tayar da asibiti in ya ji ƙarar inji, sai ki ga ya zauna shiru an gama. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti cikin jerin muhimman magungunanta.

A wannan shekara ta 2021 hukumar ta kuma sa a jerin wani ruwa da ake kira SDF, haɗin azurfa da fuloraid, wanda ake ɗiga wa ramin da ɗan buroshi ya tsayar da ruɓa ba tare da an haƙa komai ba. Mutanen Japan sun fi shekara 50 suna amfani da shi. Aibinsa guda: wurin da ya ruɓe zai koma baƙi ƙirin, kuma ba ya gogewa. A haƙoran baya na yaro ba komai, a na gaba sai an yi shawara da iyaye, don na ga uwar da ta fi jin haushin baƙin fiye da ramin. In kuma ramin yaron ya ci ɓangare biyu ko uku na turmi, hular ƙarfe da ake kifa wa haƙorin gaba ɗaya ta fi kowane ciko daɗewa. Abin da ba na so ki yi shi ne ki ce ai haƙoran nono ne za su fita. Turamen nono sai yaro ya kai shekara goma zuwa 12 suke faɗuwa, su ne ke tsare wa na dindindin gurbi, kuma ƙurji a ƙarƙashinsu yana iya taɓa wanda ke tahowa. Ki kuma lura da bayan bakinsa: wajen shekara shida turmin farko na dindindin zai fito a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa suna ɗauka na nono ne har ya ruɓe.

Ke ma simintin gilashin zai iya yi miki amfani. In ramin naki yana da zurfi ko ya kusa dasashi, akan shimfiɗa shi a ƙasa a ɗora kwamfozit a sama, kowanne ya yi aikin da ya fi iyawa.

In likita ya sa miki wani farin abu mai ƙamshin kanumfari ya ce ki dawo, wannan na wucin gadi ne. Man kanumfari ne da gaske a ciki, haɗe da wani farin gari, kuma shi ne dalilin da ya sa kakanninmu ke cusa kanumfari a kogon haƙori su ji sauƙi: yana kwantar da jijiya. Amma makonni aka yi shi ya yi. Mutanenmu da zarar zafi ya tafi sai a ga ƙafarsu ta ɗauke, sai bayan shekara su dawo da kumburin fuska. Man kanumfarin kuma yana hana kwamfozit daskarewa da kyau, don haka in wani wuri kika koma, ki gaya musu abin da aka sa.

Wani lokaci ba ciko ne maganin ba ko da wane iri ne. In ruɓa ta cinye fiye da rabin haƙori, bangon da ya rage ya yi siriri, ko an kashe jijiyar turmi, to cika shi kamar zuba siminti ne a fasasshiyar randa. Ranar da aka tauna tsakuwa a shinkafa ko aka fasa aya, sai bangon ya tsage, wani lokaci har saiwa, daga nan sai cirewa. Irin wannan hula yake so. Akwai ta tangaran a kan ƙarfe, wadda ta daɗe ana yi, sai dai bayan shekaru bakin ƙarfen kan leƙo a gindin dasashi. Akwai ta zakoniya, fara ce mai ƙarfin gaske, ta dace da haƙoran tauna. Akwai tangaran zalla mai kama da haƙori sosai, don na gaba. Zinare kuwa, in ana maganar daɗewa, har yau ba a samu wanda ya kayar da shi ba: ba ya tsatsa, ba ya fashewa, ba ya cin haƙorin da ke gaba da shi, kuma ba a buƙatar kankare haƙori da yawa. Amma zinaren likita gauraye ne da wasu ƙarafa don ya yi tauri, kuma ana zuba shi ne a kan ma'aunin haƙorin mutum. Ba ɗaya ba ne da haƙorin Makka da alhazai ke sawa na ado, wanda galibi kwanso ne da ake kifawa a kan lafiyayyen haƙori. In bakinsa bai zauna daidai ba, abinci na shiga ƙarƙashi, kuma na cire da dama na tarar da haƙorin ciki ya zama gari.

In kin tashi zuwa, ki tambayi likitan zurfin ramin da ko ya kusa jijiya, domin ciko mai zurfi kan yi tsami da ruwan sanyi na mako biyu ko uku, kuma gara ki sani tun kafin. Tsamin da ke zuwa ya wuce nan take ba abin tsoro ba ne. Wanda ke daɗewa bayan kin haɗiye ruwan, ko ya tashe ki cikin dare yana bugawa, wannan jijiya ce, ki koma. Allurar kashe zafi da muke yi ba ta hana shayarwa. Kafin ki sauka daga kujera za a ba ki wata 'yar shuɗiyar takarda ki ciza, ki ɗauki wannan da muhimmanci: in kin ji sabon cikon ne ke fara taɓa na ƙasa kafin sauran haƙora, ki faɗa a rage shi. In kuma sai da allurar ta sake ki a gida kika gane ya yi tudu, kada ki jira ya gogu da kansa, ki koma washegari, aikin minti biyu ne.